Tudu da Dutse a Ƙasar Kankiya da Kusada, da Aikin da Su Ke Yi wa Manomi

Wanda ya biyo hanyar mota daga Kano zuwa Katsina, in ya wuce Tsanyawa ya shigo ƙasar Kusada, ya bi ta Gidan Mutum Ɗaya zuwa Kankiya, zai ce ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Daga cikin mota haka ta ke. Amma manomin Tafashiya, da ya ke taka ta da ƙafa, ya ke kuma ganin inda ruwa ke bi da damina, ya san tana hawa tana sauka a hankali. A hau tudu, a gangara jigawa, a faɗa kwari, a sake hawa. Nan da can ga fako ya yi sanƙo, ga marmara ta leƙo, ga dutse ya turo baya kamar kunkuru. Irin waɗannan wurare manomi ya kan ce da su ƙasar banza, domin garma ba ta shigarsu. Alhali kuwa ruwan rijiyarsa da damshin fadamarsa daga can su ke farawa, a can kuma namun da ke yi wa gonarsa aiki kyauta su ke kwana.

Da farko ya kamata a san inda wannan ƙasa ta ke zaune. Tsakiyar Jihar Katsina tana bisa babban tudun ƙasar Hausa ne, wanda ya ɗara bakin teku da mita 500 zuwa 600. Bai kai tudun Jos ba, mai mita 1,200, amma ya fi Sakkwato da Haɗeja nesa ba kusa ba. Shi ya sa babu wani babban gulbi da ke zuwa nan daga wata ƙasa. Gulabe daga nan su ke tashi su tafi. Ƙoramun da suka nufi arewa maso yamma su kan taru a Gada, Gada ta bi ta Jibiya ta shiga ƙasar Nijar, inda a ke ce mata Gulbin Maraɗi, sa'an nan ta karkato ta komo Nijeriya ta haɗu da Rima, daga nan sai Kwara, sai teku. Waɗansu su kan faɗa Karaduwa, wadda aka datse a Zobe kusa da Dutsin-Ma a shekarar 1983. Da an matsa gabas wajen iyakar Kano, sai ƙasa ta juya, ruwa ya nufi Haɗeja da Yobe da Tafkin Chadi.

Abin lura a nan shi ne mutumin Tafashiya ba shi da wani ruwa da a ke aiko masa daga nesa. Abin da ya sauko daga sama cikin wata 4 na damina, watau milimita 600 zuwa 800 a yawancin shekaru, shi ne rabonsa. In ya bar shi ya gudu, ya tafi ke nan.

Ƙarƙashin ƙasar nan dutse ne shimfiɗe, irin mai ƙyalli-ƙyallin nan da a ke sassaƙa dutsen niƙa da shi. Masana duwatsu sun ce ya haura shekara miliyan 500. Ruwa ya daɗe yana shiga tsagoginsa yana ruɓar da shi. Inda ya ruɓe ya zama ƙasa da yashi. Inda ya yi taurin kai, ruwa ya kwashe ƙasar gefensa ya bar shi tsaye tsirara, su ne manyan duwatsun da a ke gani wajen Dutsin-Ma da Safana, da ƙananansu da ke warwatse cikin gonaki. Mai haƙa rijiya ya san wannan labari da hannunsa. Ya wuce ƙasar sama, ya wuce jar ƙasa, ya iske ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa, a nan ruwa ya ke. In ya ci karo da lafiyayyen dutse, to, haƙa ta ƙare. Ruwan rijiyar nan kuwa ruwan sama ne na bara da na bara waccan, wanda ya sami hanya ya nutse ya maƙale cikin ruɓaɓɓen dutse. Rijiya ba ta ba da abin da ƙasa ba ta sha ba.

Marmara dabam ce. Ƙasa ce mai ƙarfe a ciki, wadda ta yi ta jiƙewa tana bushewa shekara da shekaru har ta daskare, ta zama kamar hula bisa kan tudu. Ɓarɓashinta ne burjin da a ke zuba wa hanya, cikin irinta ne kuma maƙeran zamanin da su ke tono tama su narka ƙarfe.

Daga kan tudu zuwa kwari kowane mataki da ƙasarsa da itacensa. Bisa tsakuwa da marmara a ke samun geza da sabara da taramniya da kalgo, gajeru masu jimrin ƙishi. Cikin tsagar dutse hano da kukkuki da dangin ɓaure su ke kafa saiwa, inda ko ciyawa ba ta iya tsayawa. A jigawa, wurin gero da dawa da gyaɗa da wake, nan kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo da kanya su ke. Can ƙasa cikin kwari laka ce, wurin shinkafa da rake da lambun rani. Duk abin da aka yi wa na sama, na ƙasa zai ji a jikinsa.

Ga lissafi ga mai son lissafi. Ruwan inci 1 bisa eka 1 ya haura lita 100,000, watau cikin durom 500. Ruwa mai ƙarfi na dare guda cikin watan Agusta ya kan kai inci 2. To, in sama da gonar mutum akwai fako na eka 10 wanda aka share ƙal, ruwan durom 10,000 ke nan ya zuba bisa ƙasar da ba ta sha, mafi yawansa kuma zai gangaro cikin sa'a ɗaya ko biyu. Babu kunyar da za ta tsaya masa. In kuwa da geza da sabara da ciyawa a wurin, ganye ya kan karya ƙarfin ɗigon ruwa, busasshen ganyen ƙasa ya tare shi, saiwoyi da ramukan gara su ja shi ciki. Ruwan da da zai wuce cikin dare ɗaya sai ya yi watanni yana tsatsa ta ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a fadama lokacin da mai lambu ya ke nemansa.

Kwazazzabo ba ya farawa da girma. Ya kan fara da 'yar turbar ƙafa, ko sawun amalanke, ko wata kunya da aka ja daga sama zuwa ƙasa. Bana yaro ya tsallake shi, baɗi sai babba, bayan shekaru kaɗan sai an yi zagaye. Abin da ya fara tafiya kuwa shi ne ƙasar sama mai maiƙo, tare da takin gida da aka yi ta jigilarsa da jaki, da takin zamani da aka saya da tsada. Yashin da ya biyo baya ya rufe lakar fadama, ya cike madatsun ruwa. Mutanen ƙasa-ƙasa kuma su sha ambaliya. A watan Yuli na 2018 ruwa ya ci garin Jibiya cikin dare, mutum fiye da 40 suka rasu. Ruwan sama na wannan dare ya wuce misali, ba wanda zai ce laifin manomi ne. Amma duk ƙoramar da tudunta ya yi sanƙo ta fi saurin cika ta yi toroƙo.

A farkon shekarar 1851 wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina zuwa Kano ya bi ta Kusada. Mutum ne da ya riga ya ƙetare Sahara, ya ga ƙasashe da yawa, duk da haka ya sa wannan yanki cikin mafi kyaun wuraren da ya gani, sabo da yawan manyan itatuwa da tsuntsaye da shanu. Da rani ne fa ya wuce. Dattawan yanzu ma sun tarar da ragowar wannan daji, sun san lokacin da kura ke kuka bayan gari, barewa da gada su na shiga wake, ayarin jan biri na ɓarnar dawa. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa da yawa, yawan jama'a da gatari da bindiga suka ƙarasa sauran. Zaki da giwa sun daɗe da barin ƙasar Katsina. Mai son ganin giwa yanzu sai ya nufi Yankari a ƙasar Bauci.

Ba manomin da ke kewar kura ko biri, gaskiya ke nan. Amma ƙananan da suka rage, waɗanda suka tattara suka fake a duwatsu da kurmin geza domin babu sauran wurin ɓuya, yawancinsu ma'aikatan manomi ne.

A ɗauki mujiya, wadda ba tsuntsun da aka tsana kamarta. Da rana tana cikin kogon dutse ko kogon kuka, da dare ta fito farautar ɓera da jaba. Ko da ɓera ɗaya tak ta ke ci a dare, 365 ke nan a shekara, in tana da 'ya'ya kuwa abin ya ninka. Kowa ya san ɓarnar ɓera guda a rumbu, ya kuma san yadda ya ke haihuwa. A ƙasar Malesiya masu gonakin shinkafa da na kwakwar manja har akwatuna su ke kafa wa mujiya bisa sanda don ta zauna ta yi ƙwai, sun ga ta fi guba arha. A nan kuwa yara na jifanta, manya na cewa mugun abu ce. Shaho da shirwa su na yin irin wannan aiki da rana, ko da ya ke su kan sure ɗan tsako, wannan kuwa mai kaji ba ya mantawa. Tunku yana cin ɓera da maciji. Bushiya tana cin ƙwari da tsutsa. Damo yana cin fara da katantanwa, shi kuwa an mai da shi nama har ya yi wuyar gani. Zabon daji da fakara da kazar dutse su na tsince ƙwari da 'ya'yan ciyawa, amma a ƙasa su ke yin ƙwai, cikin ciyawa, sabo da haka duk gobarar dajin da aka sa don korar zomo da gafiya ta kan hallaka su ninkin abin da mafarauci ya kama.

Shamuwa baƙuwa ce. Da rani tana can kudancin Afirka, ta iso nan gab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi ya ke gyara iri in ya gan ta. Abincinta fara da tsutsa. Ita da belbela ba su bukatar kome wurin mutum sai doguwar itaciya ta yin sheƙa. Ungulu kuwa, wadda da ba a rasa ta a kowace mahauta, ta kusa ƙarewa. A 2015 masu lura da namun daji na duniya suka sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa, sabo da guba da a ke sa wa mushe da kuma masu sayen kanta da ƙafarta don tsubbu. Mushen da da ta ke sharewa kafin la'asar yanzu ya kan kwana uku yana wari, karnuka da ƙudaje na yawo da cuta.

A manyan duwatsu masu kogo a kan sami rema, 'yar dabbar nan mai kama da gafiya marar wutsiya, da ke shan hantsi bisa falale. Masana dabbobi sun ce a cikin namun da ke raye giwa na daga cikin danginta na kusa. Abin kamar almara, amma haƙora da ƙafafunta sun nuna haka.

Dutse yana da nasa mugunta, bai kamata a ɓoye ba. Kububuwa na son tsakuwa da gindin duwatsu, ita ce kuwa macijin da ya fi kashe manoma a ƙasashen Arewa, galibi lokacin shuka da girbi. Dafinta na hana jini daskarewa. Wanda ta sara a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji nan da nan, kada a tsattsaga wurin, kada a ɗaure da igiya tamau. Mai aiki cikin duwatsu ya sa takalmi mai rufi, ya kuma juya dutse da sanda ko fartanya kafin ya kai hannu.

Abin da ke cin tudu yanzu ba ɓoyayye ba ne. Gandu ya rarrabu tsakanin magada har ya zama ba ya ciyar da gida, sai a hau sama a share geza a shuka gero. Shekara biyu ko uku a sami ɗan abin da aka samu, daga nan ƙasar ta wanke, ya zama fako, a bar shi. Mai itacen sayarwa da mai gawayi ba su tsaya ga reshe ba, har kututture su ke tonewa. Masu tipa na kwasar dutse da burji da yashin ƙorama, su bar ramuka da gaɓa mai zubewa. Sana'o'i ne na halal, gari kuma na bukatar itace da dutse, amma ribar ta tafi da mota, asarar ta zauna wa mai gonar da ke ƙasa. Akwai kuma maganar makiyaya. Tudun da ba a nomawa shi ne inda shanu ke samun wurin tsayawa da damina lokacin da gonaki suka rufe ko'ina. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965 don haka. In an nome tudu an toshe burtali, saniya ba ta da inda za ta sa ƙafa sai cikin shuka, abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta yi wannan kuskure ba. A arewacin Ingila akwai tuddai masu sanyi inda ba a noma, sai gajerun tsire-tsire da tumaki da tsuntsayen daji, ƙasarsu kuma tana riƙe ruwa kamar soso. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatinsu ta riƙa biyan kuɗi a haƙa lambatu a tsane su don kiwo ya ƙaru. Kiwon bai ƙaru yadda aka zata ba, ƙasar ta riƙa zaizayewa. Daga baya suka komo su na kashe kuɗi su na toshe lambatun da suka haƙa.

Maganin da ya fi dacewa da ƙasar Kankiya kuwa yana wurin maƙwabta, Hausawan Nijar, waɗanda ruwansu bai kai na nan ba, fakonsu kuma ya fi na nan muni. A 1989 waɗansu manoman Illela ta ƙasar Tawa suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda a ke raya fako da ramuka, suka komo gida suka gwada. Su na ce da ramukan tassa. Da rani a ke haƙa su, faɗin taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, zurfi kusan taƙi ɗaya, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Iska ta kawo ganye da ƙura ta ƙara, gara ta biyo takin ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka ya taru a ramin ya nutse, sa'an nan a shuka gero ko dawa a ciki. Aiki ne mai cin ƙarfi, ba shakka. Amma a Illela abin ya kai har mutane na sayen fakon da a da ba mai karɓarsa ko kyauta.

Na biyu shi ne jera duwatsu, wannan kuwa kayan aikinsa na nan zube a gona. A jera su a gicciye, kan layin da ba ya hawa ba ya sauka. Ido na ruɗi a nan, gara a auna da siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa, irin na magina, a ɗaura bakinsa biyu ga sanduna biyu. Inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan, wuraren biyu tsayinsu ɗaya. A ɗan tona gurbi, a sa manyan duwatsu ta wajen gangare, a cike ta sama da ƙanana, tsawon layin ya kai taƙi ɗaya. Kada a yaɓe shi da ƙasa, domin ana so ruwa ya rage gudu ya tace ya wuce, ya bar ƙasar da ya ɗauko. Inda gangaren ba shi da tsanani a bar taku 20 zuwa 30 tsakanin layi da layi, inda ya yi tsanani a matso da su. A fara daga sama. Wanda ya fara daga ƙasa, ruwan farko zai watsa masa aikinsa. Bayan damina ɗaya za a ga ƙasa mai laushi ta taru a bayan duwatsun, a nan a ke dasa gamba, ta riƙe layin, ta kuma ba da zana da abincin dabbobi. Kunya ma a gicciye za a riƙa jan ta, a bi layin duwatsun.

Na uku ya fi duka sauƙi, shi ne wanda mutanen Maraɗi suka fara a 1983, su na ce da shi sassaben zamani. Kututturen kalgo da sabara da gawo da magarya da a ke sassabewa kowace bazara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a rage musu rassan ƙasa. Da ya ke saiwar tsohuwa ce, su kan yi saurin girma fiye da dashe, ba su kuma bukatar ban ruwa. Hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna itatuwa sun komo a hekta wajen miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya. Gawo ya fi kowanne ladabi a gona, domin da damina ya ke zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa.

Wahalar ita ce tudu ba na mutum ɗaya ba ne. In ɗaya ya bar toho maƙwabci ya aiko yara su sare, ko aka sako awaki da rani, aikin ya tashi a banza. Inda abin ya yi kyau a Nijar, mutanen gari ne suka zauna da mai gari da makiyaya suka yanke cewa itacen da mutum ya raya a gonarsa nasa ne, suka kuma sa masu tsaro da tara. Mai unguwa da malamin gona da ardo su na iya yin haka a kowane ƙauye na Kankiya da Kusada, su ware kan tudu da kewayen dutse a huta da gatari da wuta shekara 3, a buɗe wa shanu a lokacin da aka yarda. Lokacin aikin dutse da haƙa tassa kuwa shi ne daga an gama kai amfanin gona gida zuwa watan Afrilu, kafin zafin bazara ya tsananta, kafin kuma samari su watse cin rani.